Numfashin Katako

Inna Safiyatu tana durƙushe a bayan sif ɗin kaya, wuƙar yankan kuɓewa a hannunta, tana gurzar katako a hankali don kada ya yi ƙara, sai ta ji takun takalmi a tsakar gida. Ta tsaya cak. Takun ya nufi randa, aka ɗebi ruwa, aka yi shiru. Ta jira, ba ta ƙara jin motsi ba, sannan ta mayar da wuƙa bakin aiki.

To ai dole ta ji tsoro. Ɗakin 'yarta ne Munawwara, a gidan miji, a Birnin Kudu. Ita kuwa baƙuwa ce daga Maruta ta ƙasar Gwaram, zaman jego ne ya kawo ta. Ga shi a gefen ƙafarta ta riga ta ajiye ƙunshi biyu, guntun soso da ta ƙwaƙulo daga ƙarƙashin katifa, da yankin ledar ɗaki da ta yanko a lungun bayan ƙofa. Kowanne ta naɗe shi a takardar nan mai ƙyalli da wata malama a asibiti ta ba ta. Duk wanda ya shigo ya tarar da tsohuwa da irin wannan ƙunshe-ƙunshe, ba sai an yi masa fassara ba.

Da ƙyar katakon ya ɓalle, kamar faɗin tafin hannu. Ta juya shi ta duba. Daga waje sumul, jajir, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Cikinsa kuwa ba itace ba ne. Garin katako ne aka cura aka danne, yana marmashewa a yatsa kamar ƙuli-ƙuli. Ta kai shi hanci. Nan take idonta ya kawo ruwa, maƙogwaronta ya hau ƙaiƙayi. Ta san warin nan. Tun ranar da aka kafa sif ɗin yake cikin ɗakin, kowa ya shigo sai ya ja hanci ya ce, “Ƙanshin sabon kaya ke nan.” Ita ma da bakinta ta sha faɗa.

Don ita ta yi kayan. Lokacin biki ba ta samu ta yi wa yarinyar gado da sif ba, da tsohon gadon ƙarfe aka kai ta. Matan unguwa suka yi ta leƙa ɗaki suna fitowa suna taɓe baki. Abin ya tsaya wa Safiyatu a maƙoshi har aka yi kaka. Ta rabu da karsanarta, ta je wajen wani kafinta a bakin titi, ta nuna wanda ya fi kowanne ƙyalli. Gab da haihuwa aka kawo su, gado da sif da madubi, aka yi sabon jere. Masu taɓe bakin nan su ne suka dawo suka rangaɗa guɗa. Ranar Safiyatu har da minshari ta yi barci.

Sai aka haifi Hadi. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa uwar aiki, shi ya sa ba a kai ta gida wanka ba, likita ya ce kada a yi nisa da asibiti. Aka rufe taga, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada iska ta shigi mai jego, aka ajiye kaskon garwashi da turare, ga bazara tana gasa kwanon rufi daga sama. Ba a yi arba'in ba yaro ya fara wani irin numfashi, kamar ana busa ƙaramar sarewa a cikin ƙirjinsa, haƙarƙarinsa yana lotsawa. Aka ruga asibiti, aka sa masa robar iska a hanci, ya warware, aka sallamo su. Kwana kaɗan a ɗaki, sarewa ta dawo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ƙarshen nan, wanda har yanzu suke kwance a asibiti a kansa shi da uwar, a hannun Safiyatu ya yi. Tana kallo leɓensa ya koma launin toka, wuyansa ya saki. Har yanzu in ta rufe ido, wuyan nan take ji a kan damtsenta.

“Ɓera muka yi a ɗakin ne?”

Hajiya Ummussalma ce, uwar Jafaru mijin Munawwara, tsaye a bakin ƙofa ta ɗage labule da hannu ɗaya. Ƙafarta babu takalmi. Ashe a gindin randa ta bar shi.

Safiyatu ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. “Hajiya, barka da hantsi.”

“Barka kadai.” Hajiya ta sunkuya ta buɗe ƙunshi ɗaya da ɗan yatsa, ta buɗe ɗayan. “Soson da ɗana yake kwana a kai. Ledar da yake takawa. Innar Munawwara, ai kin manta da gashin kansa. Ko in aika a kira wanzami?”

“Ba abin da kike zato ba ne.”

“Ni ban zaci komai ba, tambaya nake. Wane malamin ne ya ce a kawo, na Fagam ko na Kwandiko?”

“Malamar asibiti ce. Likitan yaron ne ya haɗa ni da ita jiya. Ta ce za ta auna.”

“Asibiti dai jini na san suna karɓa, sai fitsari. Yau na fara jin katifa ta kwanta rashin lafiya.”

Safiyatu ta dube ta. Ta ga idon Hajiya a kumbure, ta kuma san ba barci ne ya kumbura shi ba. Ita ma ai jikanta ne.

“Jafaru ya bugo waya,” in ji Hajiya. “Da la'asar za a sallamo su. Na sa liman ya yi tofi a kusurwoyin ɗakin nan, na yi hayaƙi. Abin da ke ciki, in mai ji ne, ya ji. Jikana a ɗakin ubansa zai kwana.”

“In aka ɗan kai shi naki ɗakin fa, kafin a gani?”

“Kusa da Malam, uban Jafaru? Da tarin nan nasa da likita ya ce ko bakin ƙofar kada a kai jariri? Ɗaki biyu ne a gidan, ke ma kin sani. Sai madafa, in can kike so a kwantar da shi.”

Ta saki labule. Daga tsakar gida ta ƙara da cewa, “Kwashe tarkacenki ki tafi da su. Amma in wani abu ya sami ɗana, na dai ga abin da na gani.”

Ɗan acaba ya sauke Safiyatu a ƙofar asibiti, ƙunshin a cikin leda a ƙirjinta kamar ta sato. Ta fara leƙa ɗakin yara. Cike yake maƙil, wasu gadajen yara bibbiyu. Munawwara tana zaune a bakin gado, ta ba jaririn rabin baya tana kallon bango. Ɗan fari ne, ga idon jama'a, ba ta iya ɗaukarsa ta rungume. Amma hannunta ɗaya yana ƙarƙashin zani, riƙe da ƙafarsa. Safiyatu ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Ita ma haka ta yi da wannan ɗin da ke zaune, har yau sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba.

“Ke, ya maigidan nawa?”

“Da sauƙi, Inna. Sun cire robar.”

Ta sunkuya a kansa. Cikinsa yana hawa yana sauka, shiru, babu sarewa.

“Malalacin miji,” ta ce da shi. “Kullum kana kwance ana yi maka hidima, ko cefane ba ka bayarwa.”

“Inna,” Munawwara ta ce ƙasa-ƙasa, idonta yana kan bango, “ni fa ɗakin nan tsoro yake ba ni.”

“Rufe mana baki. Ɗakin aurenki ne.”

Ta faɗa ne kawai don haka ake faɗa.

Wurin aikin Malama Khuzaima yana can ƙuryar asibitin. Sai an wuce wajen wanki, an wuce wani dogon gini marar taga da kowa ke ɗaga ƙafa in ya zo gabansa. Ita malamar daga jami'a ta zo, tana bin sawun yaran da ake yawan kawowa da sarƙewar numfashi, tana son sanin me suke shaƙa a ɗakunan iyayensu. Siririya ce mai tabarau, ba ta girmi Munawwara da yawa ba.

Ɗakin da sanyi kamar cikin randa. Akwatunan ƙarfe ne a jere a kan dogon tebur, farare tas, kowanne da 'yar ƙofa mai gilashi, siraran robobi suna shiga suna fita, wani inji yana gurnani a ƙasa.

“Inna, kin naɗe su yadda na ce? Ba su taɓa mayafinki ba?”

“Me mayafina ya yi?”

“Turare ne da shi. Akwatin nan ba ya tacewa, duk abin da ya ji sai ya faɗa.”

“Ashe magulmaci ne.”

Khuzaima ta yi murmushi, ta sa safar hannu. Ta daidaita guntun katakon da wuƙarta, ta liƙe gefunan da aka ɓalla, wai fuskarsa take son ji, don ita ce ke kallon ɗaki. Ta sa soso a akwati ɗaya, leda a ɗaya, katako a ɗaya, ta datse kowanne. Na ƙarshe ta datse shi haka nan wayam.

“Wancan fa, shi ba a ba shi komai?”

“Shi ne shaida. In shi ma ya ce ya ji wani abu alhali babu komai a cikinsa, to ba za mu yarda da 'yan uwansa ba.”

Wannan ya shiga kan Safiyatu. Ta sha ganin shaidun da ya kamata a yi musu haka.

“Inna, kaya ma numfashi suke,” in ji Khuzaima tana murɗa wani abu. “Fenti, gam, leda, katako irin wannan, duk suna fitar da wani abu a hankali, ido ba ya gani. A fili iska ce ke kwashewa. A rufaffen ɗaki taruwa yake. Zan tura iska mai tsabta ta wannan robar, ta bi ta kan katakon, ta fito ta waccan, in ga abin da ta ɗebo. Kuma zan ɗumama cikin akwatin ya yi kusa da ɗakinku. Da zafi, ko?”

“Ɗakin jego ne. Har da garwashi.”

“Taga fa?”

“A garinku ana buɗe wa mai jego taga?”

Khuzaima ta ci gaba da murɗe-murɗenta kawai. Da ta yi zagi ma da ya fi sauƙi.

Malama ta ce sai an jira. Safiyatu ta hau wata doguwar kujera, ƙafafunta suna lilo, ta zuba wa akwatin katakon ido. Babu abin da ke motsi. Guntun sif ɗinta yana kwance a bayan gilashi, yana ƙyalli abinsa kamar ba shi ake tuhuma ba. Ta ciro carbi ta fara addu'a, sai ta rasa wadda za ta yi. Ta ce, Allah ka sa ba kayan ba ne, kada in zama ni na kawo wa jikana ciwo a kan mota ana guɗa. Kafin ta kai ƙarshen carbin sai ta ce, a'a, Allah ka sa kayan ne. Don in ba su ba ne, to mene ne? Katako ana iya ɗaukarsa a ka a fitar. Abin da ba a san sunansa ba, ta ina za a kama shi? Haka ta yi ta kai addu'a tana janyewa, har ta ji kunyar Ubangiji ta mayar da carbin.

Ta fita ta yi azahar a baranda. Da ta dawo ta tarar Khuzaima ta ɗauko wani abu kamar ƙaramar rediyo tana jona shi a bakin robobin, ɗaya bayan ɗaya. Safiyatu ba ta san lamba ba, amma ta san fuska. A kan akwatin wayam fuskar malama ba ta ce komai ba. A kan soso ta ɗan gyaɗa kai. A kan leda gira ɗaya ta ɗaga. Da aka zo kan katako, baƙaƙen da ke jikin rediyon suka kama sauyawa kamar na injin gidan mai. Khuzaima ta cire, ta koma kan akwatin wayam, ta tsaya, ta sake dawowa kan katakon. Sannan ta zare tabarau ta murza ido.

“Wa ya sayi sif ɗin nan?”

“Wata tsohuwa ce 'yar ƙauye. Ƙyalli ne ya ɗebe ta.”

Khuzaima ta dube ta, ta kawar da kai.

“Gadon ma irin katakon ne?”

“Uwa ɗaya uba ɗaya.”

Sai malama ta faɗi sunan abin, wani suna mai tsawo kamar igiyar guga. Ta ce a cikin gam ɗin da ake cura garin katakon yake, zafi kuma ƙara fito da shi yake.

“Faɗa min da Hausa, 'yata.”

Khuzaima ta nuna waje da hannu. “Kin ga dogon ginin da kika wuce, marar taga?”

“Na gan shi.”

“Akwai ruwan da ake sa wa gawa don kada ta lalace kafin 'yan uwa su zo. To shi ne. Wannan dai kaɗan-kaɗan yake fita, a cikin iska.”

Safiyatu ta tuna da ɗakin. Ita ce ta sa aka matsar da shimfiɗar jaririn jikin sif, lungun da ya fi ɗumi, don kada iskar ƙofa ta same shi. Rigunansa ma a cikin sif ɗin suke, ita ke ninkewa ta jera da hannunta.

“To shi ne yake shaƙe min yaro.”

“Ban ce ba, Inna.”

“Yanzu kika ce.”

“Na ce katakon yana fitar da shi, da yawa, fiye da yadda nake son gani kusa da jariri. Wannan ma awon farko ne. Na sosai sai ya yi kwanaki a akwati, in aika abin da na tara Kano a duba. Ko shi ɗin ya dawo, abin da katako ke yi zai faɗa, ba abin da ke ƙirjin Hadi ba. Ga garwashi, ga turare, su ma a daina. Kuma akwai yaran da da abinsu ake haihuwarsu.”

“Ki rantse min dai, in sami abin da zan kai wa uwar mijin.”

“Ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba.”

“Da la'asar za a mayar da shi ɗakin.”

Injin ya yi ta gurnaninsa. Khuzaima ta mayar da tabarau, ta tuɓe safar hannu a hankali.

“Da ɗana ne, ba zai kwana ɗaki ɗaya da katakon nan ba. Amma wannan ba akwati ne ya faɗa ba, ni ce.”

A barandar ɗakin yara ta sami Jafaru da ledar magani a hannu. Yana ganinta ya durƙusa. Ita kuma ta juya gefe kamar yadda ake yi da suruki, ta yi magana da ginshiƙi.

“Ba za su ƙara musu kwana ba?”

“Na roƙa, Inna. Sun ce akwai masu jiran gadon, shi kuwa ya samu sauƙi.”

“To a nemo a-kori-kura da 'yan dako. Za a fitar da kayan ɗakin.”

“A fitar zuwa ina? Tsakar gidan ko gadon ba za ta ɗauka ba.”

“Maruta.”

Ya ɗago kai ya kalle ta, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara zuwa gaisuwa gidanta. Kowa ya san abin da ake nufi in uwar mace ta tsayar da mota a ƙofar gidan miji ana loda gado da sif. Ba a yin haka sai igiya ta tsinke. Babu mai tsayawa ya tambaye ka da wane gam aka yi katako. Kafin mota ta kama hanyar Gwaram, labari ya riga ta isa.

“Inna, za a ce na sake ta. Da ɗanyen jego, da ɗinki a ciki. Ina zan sa fuskata a masallaci?”

“Za a ce.”

“A bari duhu ya yi mana.”

“Yaro kafin magariba zai shiga. Ɗakin kuma yana son ya sha iska kafin nan.”

“Malamar ta tabbatar shi ne?”

Nan Safiyatu ta ga ƙofar ƙarya a buɗe, 'yar ƙarama, daidai ita. Ta dube ta, ta bar ta.

“Ba ta tabbatar ba.”

“To in ba shi ba ne fa?”

“In ba shi ba ne, na zubar da mutuncinka da nawa a banza.”

Ya daɗe a durƙushe yana kallon ledar magani. Daga cikin ɗakin wani yaro, ba nasu ba, ya kama irin tarin nan mai jan numfashi, ya yi ta yi ba ya tsayawa. Jafaru ya ciro waya.

Mota ba ta gama tsayawa a ƙofar gida ba kawuna suka fara tsirowa a kan katangu. Hajiya Ummussalma tana tsaye a tsakiyar zaure, hannu a ƙugu, ta cike hanya.

“Jafaru ya faɗa min. Na ce ƙarya ne, Innar Munawwara da hankalinta.”

“Da shi na zo, Hajiya.”

“Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa tsayar da irin motar nan a ƙofarmu ba. Ke gobe kin koma ƙauyenku, ni ce zan zauna da bakin mutane. Dubi katanga.”

Safiyatu ta duba. Ta gane wasu fuskokin, na masu guɗa ne.

“Na gan su. Hajiya, matan nan sai sun shigo gidan nan ko ta yaya. Ni dai na fi son su shigo gulma da su shigo gaisuwa.”

Hajiya ta kama haɓarta da gefen mayafi. 'Yan dako suna tsaye a rana suna jiran a ce musu shiga ko tafi. Can ta matsa jikin bango.

“Kai mai jar hula,” ta ce, “ka bi madubin nan a hankali, ba a bola aka tsinto shi ba.”

Sai da aka kwance sif ɗin kafin ya fita ta ƙofa. Aka fito da shi gunduwa-gunduwa, aka fito da gado, aka naɗe leda. Katifar da malama ta gyaɗa wa kai ma Safiyatu ta ce a haɗa da ita, tsoro ai ba ya awo. Tana tsaye a bakin zaure ana wucewa da karsanarta ta gabanta, ta zama jajayen alluna, rana tana dukansu suna ƙyalli har yanzu.

Batulu, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta taho da sauri tana gyara ɗankwali.

“Haba Inna, ke da za ki kashe wuta? Aure ai ɗan haƙuri ne. Waye ba a ɓata wa ba a cikinmu? A duba jaririn nan mana.”

“Ana dubawa,” in ji Safiyatu, ta shige gida.

Tagar ɗakin ta ƙi buɗuwa, ta daɗe a rufe har ta cije. Hajiya ce ta sa kafaɗa ta banke ta. Ita ce kuma ta ɗauke kaskon garwashi ta kai madafa ba tare da an ce mata ba. Suka wanke siminti su biyu, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na sharewa. Suka shimfiɗa tabarma da tsohon bargo a tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango.

Rana ta yi ja aka kawo su a adaidaita sahu. Matan da ke ƙofa suka dare, suka bi Munawwara da kallon tausayi. Wata ta ce ai idda ta dawo yi, baiwar Allah, ko gadon kwanciya ba su bar mata ba. Munawwara ta tsaya a bakin ɗakinta ta ga wayam, muryar mutum har amsawa take. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta zauna a gefen tabarma, ta cusa hannu ƙarƙashin zanin yaron.

Tsofaffin biyu suka sa shi a tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu. Gabannin magariba ne abin ya saba tasowa, duk sun sani, babu dai wadda ta faɗa. Iska tana shigowa ta taga tana kaɗa gefen bargo, duk kaɗawa sai hannun Safiyatu ya yi kamar zai kai ga rufewa, ta danne shi da ɗayan. Wani sabon tsoro ne ya kama ta, wanda ya fi na safe. In sarewar nan ta tashi a ɗakin da babu komai, to babu sauran abin da za a fitar.

Aka kira salla. Hadi ya zabura, fuskarsa ta yamutse, ya buɗe baki babu sauti. Hajiya ta damƙi hannun Safiyatu har farce ya shiga. Sai ya ja iska, ya saki kuka, kuka mai ƙarfi cike da ƙirji irin na mai jin yunwa. Munawwara ta ɗauke shi a gaban uwarta da uwar mijinta, ta manta da wata kunya, ta ba shi nono. Ya sha ya saki, barci ya kwashe shi. Aka mayar da shi kan bargo. Cikinsa yana hawa yana sauka.

Bayan an idar da salla aka ji gyaran murya da sallamar maza a zaure. Jafaru ya zo bakin ƙofa ya durƙusa, hula a hannu.

“Hajiya, liman ne da dattawan unguwa. Wai sun zo a yi sulhu. Me zan ce musu?”

Hajiya ba ta ɗauke ido daga kan cikin yaron ba.

“Shimfiɗa musu tabarma, ka sunkuyar da kai su yi maka faɗa. In sun gama ka ce ka ji, ka gode.”

“Su dai yi faɗan a hankali,” in ji Safiyatu da bango. “Maigidana yana barci.”

Ta kwantar da kunnenta kusa da ƙirjin yaron, ta riƙe nata numfashin don ta ji nasa. Dare ko farawa bai yi ba tukuna.